Matambayi ba ya ɓata? Tarihin hanyoyin bincike a ƙasarmu, daga Barth zuwa wayar salula

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Haka ne, idan hanyar kasuwa mutum yake nema. Amma wanda yake son sanin yawan mutanen gari, ko ribar da fatake ke samu, ko abin da ya sa yara ke ramewa a yankin da ya fi ko'ina noma, yana iya yin tambaya har muryarsa ta dishe, kuma ya ɓata. Yana ɓata idan ya tambayi mai jin tsoronsa, ko ya tsallake wanda ya san amsar, ko ya auna abin da ba shi ne ciwon ba. Darasin da jami'o'i ke kira hanyoyin bincike da tsarinsa, dabarun kauce wa irin wannan ɓata ne.

Ɗalibanmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan gamu da darasin a shekarar rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, kuma da yawa suna ɗaukarsa kamar kayan da aka yi oda daga waje: a haddace ma'anoni, a kwafo takardar tambayoyi, a raba wa mutum hamsin, a zana jadawali. Ni kuwa a ganina hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a bi tarihinsa a nan gida. Sama da shekara 170 ke nan ana yi wa mutanen wannan ƙasa tambayoyi ana rubutawa, kuma kusan kowace ƙa'idar da ke cikin littattafan ɗalibai tana da labarinta a garuruwanmu.

Baƙo da ɗan rakiyarsa

A watan Janairu 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauko daga Abzin ya shiga Tasawa, daga nan ya bi ta Gazawa da Katsina zuwa Kano. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, shi da James Richardson da Adolf Overweg, kuma ciniki na cikin manyan abubuwan da aka ce su duba. A ƙarshen 1852 ya sauka Damagaram kafin ya nufi Tumbutu. Abin da ya raba shi da sauran matafiyan zamaninsa shi ne ya zo da Larabci a bakinsa, ya kuma koyi Hausa da Barbarci a hanya, don haka bai rataya komai a wuyan tafinta ba. Yana rubuta abin da ya gani rana-rana, yana tambayar fatake da alhazai zango-zangon hanyoyin da bai taka ba, sannan ya gwama abin da wannan ya faɗa da abin da wancan ya faɗa. A Kano ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga can kowace shekara da aƙalla wuri miliyan 300, kuma ya faɗa a fili cewa ƙiyasi ne. Da harshen yau, binciken kasuwa ya yi.

Duk da haka bai tsira daga tuntuɓe ba. A Gwandu, cikin 1853, an ba shi aron littafin tarihin Songhai, Tarikh al-Sudan, ya kwafi wasu sassa cikin gaggawa, ya kuma sanar da Turai cewa Ahmad Baba ne ya rubuta shi, kamar yadda aka gaya masa. Daga baya aka tabbatar Abdurrahman al-Sa'di ne marubucin. An iya gyara wannan ne domin Barth ya faɗi inda ya samo littafin da abin da ya kwafa, sai na baya suka bi sawu. Almajiran zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba: tambayar “wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa?” ita ce ginshiƙin isnadi.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance, wanda aka kama bauta, Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, ya kuma je Turai tare da shi a 1855. A Ingila wani malamin mishan, J. F. Schön, ya zauna da shi yana rubuta maganarsa. Kaso mai yawa na nahawun Hausar da Schön ya buga a 1862, da littafinsa Magana Hausa na 1885, daga bakin Dorugu ya fito. Sunan Schön ne a bango. Darasi biyu nake gani a nan. Na farko, bayan kowane mai bincike akwai wanda ya san abin, kuma yana da haƙƙin a ambace shi. Na biyu, Hausar da Turawa suka daɗe suna koyo a littafi, mafi yawanta Hausar saurayi guda ce daga ƙasar Damagaram. Komai ƙwarewar mai ba da labari, mutum ɗaya ba ya zama gari.

Lokacin da tambaya ta zama tarko

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1909 ayarin Kyaftin Tilho ya bi iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi yana shata ta, kuma tafintan ayarin, wani hafsa mai suna Landeroin, ya riƙa zama a fadoji yana rubuta tarihin sarautu. Aikinsa na da daraja har gobe, domin ya ji daga bakin dattawan da suka ga ƙarni na 19 da idonsu. Sai dai a duba wanda ke tambaya da wanda ke amsawa. Mai tambaya hafsan rundunar da ta ci ƙasar ne. Mai amsawa bafade ne, ko sarki da ya san cewa abin da ya faɗa game da asalin gidansu da iyakar ƙasarsa yana iya yanke wanda zai ci gaba da riƙe rawani. Talaka, bawa da mace ba su cika samun wurin zama a irin wannan fadanci ba.

Abin da ya fi barin tabo shi ne ƙidayar kumandan. A tara gari, a kira masu gida ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mutanensu da dabbobinsu. Da wannan takarda ake yanka harajin kai, wanda tsofaffi ke ce wa lanho. Da ita ake ɗibar mutane aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke shi. Da ita ake ɗaukar soja, da ita kuma ake kama yara a kai lakwal. Mai hankali kuwa, idan ya san amsarsa za ta ci masa ɗa ko saniya, sai ya rage. Aka riƙa ɓoye yara, ana kora garke daji ranar ƙirga. Alƙaluman da suka fito daga wannan aiki sun gaza gaskiya, kuma ba don mutanenmu ba su iya lissafi ba.

Wannan tabo bai warke ba, ya dai sauya fuska. A da mai takarda da alƙalami yana nufin haraji, sai gida ya ƙanƙance. Yau sau da yawa yana nufin tallafi, sai gida ya kumbura, rumbu kuma ya zama wayam a baki. Kuskuren ɗaya ne, alƙiblarsa ce ta juya. Shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi, cewa ya bayyana ko shi wane ne, me zai yi da amsar, kuma babu riba ko hasara ga mai amsawa, ta wuce ladabi kawai. Ingancin alƙaluman ne ya rataya a kanta.

A daidai lokacin samun ƴancin kai, cikin 1960, aka gwada wata dabara: maimakon a ƙirga kowa, a zaɓi wasu garuruwa bisa tsari, a ƙirga su da kyau, a ƙiyasta saura. Duk mai sayen hatsi ya san wannan. Ba ya zazzage buhu don ya san ingancinsa, amma kuma ba ya yarda da abin da aka ɗora a baki. Sai ya zura hannu ciki, ko ya huda gefe. Ɗalibin da ya raba takardar tambayoyinsa ga abokansa da maƙwabtansa kaɗai, bakin buhu ya duba. Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ba ta zo ba sai 1977, sannan 1988, 2001 da 2012, wadda ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya.

Baki ma shaida ne

Bayan ƴancin kai gardamar ta koma kan tarihi. A 1963 wani shehin malamin jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito yana cewa Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar, in ban da na Turawan da suka shige ta. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce rashin takardu. Amsar da aka ba su ta hanyar aiki ce, kuma Yamai na cikin wuraren da aka gina ta. Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, ya tara dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda yau ke ajiye a cibiyar IRSH. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ta zama CELHTO.

Tarihin baka a hannun masana ya fi ɗaukar muryar tsoho a rikoda. Ana neman ruwaya fiye da ɗaya, daga gidajen da ba su ga maciji da juna, a rubuta sunan mai ba da labari da matsayinsa, a gwada da takardun Larabci da na Turawa. Tarihin Maraɗi misali ne: yadda takardun Sakkwato ke ba da labarin sarakunan Katsina da jihadi ya kora daban, yadda zuriyarsu da ta kafa sarauta a Maraɗi ke ba da shi daban, kuma mai son gaskiya dole ya saurari duka biyun. A kan irin wannan turba André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya rubuta na Adar a 1975. Yau jami'o'in Damagaram da Tawa sunayensu suke ɗauke da su.

Yadda ake binciken ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ya fi kowa wuyar tambaya, domin sirrinsa jarinsa ne. Mutum biyu sun nuna yadda ake yi. A 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kudu da Katsina kaɗan. Maimakon ta tambayi kowane manomi nawa yake samu, sai ta nemi mutanen gari da suka san kowa su kasa gidaje kashi huɗu bisa ƙarfin ci da iyali, sannan ta gwada wannan da girman gonaki da abin da ta gani da idonta. Ta gano tazara mai faɗi tsakanin manoman da rahotanni ke yi wa kuɗin goro da sunan “talakawan karkara”. Ta kuma lura da abin da mai zama bakin kasuwa da takarda ba zai taɓa gani ba: cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, na hatsi, mai, ƙuli-ƙuli da abinci, ta hannun yara masu talla. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A wurin mutanen gari ba a ɓoye yake ba. Tsarin binciken da ya tsaya a ƙofar gida ne bai gan shi ba.

Na biyun shi ne Emmanuel Grégoire, wanda littafinsa kan alhazan Maraɗi ya fito a 1986. Babu alhajin da zai buɗe wa baƙo littafin kuɗinsa. Sai Grégoire ya bi ta tarihin rayuwa: wa ya fara ba ka jari, wane kaya ka fara ɗauka, yaushe ka tsaya da ƙafarka. Da ya jera labaran kusa da juna, ya haɗa su da bayanan hukuma, sai tarihin kasuwancin garin ya fito: sayen gyaɗa ga kamfanonin Turawa, zuwan kamfanin gwamnati SONARA a 1962, damar da yaƙin Biyafara ya buɗe daga 1967 zuwa 1970, sannan komawa ga tsallaka da taba da atamfa zuwa Nijeriya bayan fari ya karya gyaɗa. Babban abin da ya fito da shi kuwa kalma ce da ya ɗauka daga bakin alhazan kansu, arzikin mutane: ƙarfin ɗan kasuwa yana ga yawan barori da amintattun da yake iya aika da dukiyarsa ba tare da takarda ba. Da ya tafi da tambayoyin “e” ko “a'a” da aka tsara a ofis, da ba a sami gurbin da wannan amsa za ta shiga ba.

Shekarar 2005

Wanda ke ganin wannan duk zancen masana ne, ya tuna 2005. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, aka lissafa giɓin cimaka na kusan tan 223,000. Tsarin gargaɗin da ake da shi ya fi zuba ido ga abin da aka girbe, don haka hankali ya tafi yankunan da noma ya lalace. Amma inda cibiyoyin kula da tamowa suka fi cika shi ne kudancin Maraɗi, wurin da ake yi wa kirari da rumbun ƙasa. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi.

Me ya faru? An tambayi yawan hatsin da ke ƙasa, alhali tambayar da ta shafi ran yaro ita ce wa ke iya saye. A kudancin Maraɗi jama'a ta yi yawa, gonakin marasa ƙarfi sun ƙanƙance. Suna sayar da ɗan abin da suka girbe da kaka lokacin da yake araha, don biyan bashi da buƙatu, su koma saye da bazara da damina lokacin da ya yi tsada. A daminar 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Hatsi na nan jibge, kuɗin saye ne babu. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya nuna irin wannan tun 1981 game da yunwar Bengal ta 1943, kuma abin da Polly Hill ta gani a Batagarawa ya isa ya zama gargaɗi. Lissafin giɓin bai yi ƙarya ba. Abin da ya auna ne bai isa ba. Bayan wannan shekara aka mayar da awon yara kansu, nauyi da tsawo da kaurin dantse, abin yi a kai a kai.

Da me aka kwatanta?

Mataki na ƙarshe a wannan tarihi shi ne na kwatance. Idan an kawo sabon abu aka ga sauyi, ta yaya za a san shi ya kawo sauyin, ba damina mai kyau ko sabuwar kwalta ba? Wata masaniya daga Amurka, Jenny Aker, ta lura cewa wayar salula ba ta shigo kasuwannin Nijar rana ɗaya ba. Tsakanin 2001 da 2006 wasu sun samu, wasu na jira. Sai ta ɗauki farashin hatsin da hukumar SIMA ke rubutawa a kasuwanni, ta duba tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa kafin zuwan waya da bayansa, ta gwada da kasuwannin da waya ba ta kai ba tukuna. A sakamakon da ta buga a 2010, tazarar ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: wanda a da sai ya hau mota ya je ya ji farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi.

Wannan tsari na da rauni guda: kamfanonin waya ba da ka suka zaɓi garuruwa ba, sun fara da manya da na bakin hanya. Maganin wannan rauni daga gona ya fito. A shekarun 1920 Ronald Fisher, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa in ana son sanin amfanin taki, a yanka gona gida-gida, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba, don kada hannun mutum ya karkata ga wuri mai kyau. Wanda ya taɓa ganin ƴan filayen gwaji jere da juna a tashar Tarna, kusa da Maraɗi, ya ga jikokin wannan tunani. A 2009 da 2010 Aker da abokan aikinta suka yi haka da karatun manya a ƙauyuka 113 na Doso da Damagaram. Kowa ya sami aji iri ɗaya, amma ƙuri'a ta zaɓi kusan rabin ƙauyukan aka ƙara musu koyon aiki da salula. Waɗanda suka sami wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Tunda ƙuri'a ce ta raba, ba a iya cewa an zaɓi masu ƙoƙari ne.

Ƙuri'a ma tana da iyaka. Tana faɗin ko abu ya yi aiki, ba ta cika faɗin dalili ba. Shi ya sa cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta riƙe ɗaya hanyar: doguwar zama cikin mutane, hira da harshensu, da lura da bambancin abin da doka ta ce da abin da ake yi a asibiti ko ofis. Ban ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Tambayar da ke hannu ita ke zaɓen hanya.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwana malamai, wannan ilimi ba sai an jira jami'a ba. Ɗan aji shida na firamare yana iya rubuta kuɗin tiyar hatsi kowace ranar kasuwa daga buɗe makaranta zuwa hutu, ya zana yadda ya hau, aji ya yi gardamar dalili. Ɗan kwaleji yana iya tambayar kakanni biyu, kowa shi kaɗai, labarin yunwar 1984, ya kawo inda suka dace da inda suka saɓa, ya kuma rubuta sunan wanda ya faɗa masa. A lambun makaranta ana iya shuka kunya goma, a jefa ƙuri'a kan biyar da za su sami taki. Yaron da ya yi waɗannan, ranar da ya zo rubuta memwar zai san cewa kwafo amsa daga intanet ba bincike ba ne.

Iyaye kuma, kafin a danƙa wa saurayi jarin buɗe shago, a aike shi ya zauna mako guda a wurin da ya zaɓa, safe da yamma, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa ba, ya ƙirga masu wucewa, ya ji abin da suke nema ba su samu ba, ya tambayi har matan da ke saye ta hannun yara. Idan kuma masu ƙidaya suka yi sallama a ƙofar gida, haƙƙinmu ne mu tambaye su wa ya aiko su da abin da za a yi da amsar. In sun gamsar da mu, mu faɗi gaskiyar yawan ɗiyanmu, domin da waɗannan alƙaluma ake lissafa azuzuwa, malamai da allurar rigakafin da za a turo unguwarmu.